Yara ba sa neman tafinta

Wata 14 ke nan ina Ibadan ina digiri na biyu, amma in aka cire malamai da ƴan ajinmu, kusan duk wanda na sani a garin nan ɗan Arewa ne. Daga lakca sai ɗakina a Agbowo, ranar Asabar in leƙa Sabo cefane. Tun rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 mutanen gida ba su da magana sai "ki kama kanki, ban da shiga mutane". Na kuwa kama kaina har abin ya yi yawa.

Washegarin Babbar Sallah na kai ƴata gidan namun dajin da ke cikin jami'a. Wuri ya cika maƙil. Mu Hausawa muka shimfiɗa tabarma gefe guda, sauran jama'a ma kowa da nasa gefen. Ƴata, shekararta 5, ta gaji da kallon birai, ta samu tsinke ta zana gala-gala a ƙasa. Sai ga wata yarinya ta yi mata magana da Yarabanci, ita kuma ta amsa da Hausa. Ba wadda ta gane wata, amma yarinyar ta ɗau dutse ta jefa, ta fara ɗingishi. Ashe su ma suna da wasan, suwe suke ce masa. Kafin ka ce kwabo yara sun kai bakwai a layi.

Wallahi har na miƙe zan kira ta, sai ta faɗi ta kurje gwiwa. Kafin in ƙarasa wata mata ta ɗaga ta, tana wanke ciwon da ruwan leda. Uwar yarinyar nan ce. Da muka haɗa ido sai kunya ta kama ni, don a layinmu shagonta yake, kullum ta gabanta nake wucewa, ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Yau in ina da semina, wajenta nake barin ƴata.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyinmu na ɗalibai su sake lale. Kullum taro a ɗaki, babban teburi, shugaban taro, jawabin haɗin kan ƙasa, kuma mu kaɗai ne a ciki muna tafa wa juna. Me zai hana a fito fili? Masu iyali su zo da yara, a gayyaci maƙwabta, a kawo ƙwallo da igiyar tsalle. Kuɗin ma bai kai na hayar ɗakin taro ba.

Na san wasu za su ce yara za su kwaso halin da ba namu ba. To ai ba sakin su za a yi ba, kina zaune idonki a kansu. Kuma zaman nan ne ke sa ki gaisa da uwar da ke kusa da ke, ko kin so ko ba ki so ba.

Ban ce gala-gala za ta hana rikici ba. Amma ranar da gari ya rikice, Allah ya kiyaye, wadda ta san sunan ƴarki ita za ta buɗe miki ƙofa. Muna cewa ɗa na kowa ne. A Ibadan na ga wadda ta yi aiki da maganar, kuma ko Hausa ba ta ji.

Ku da kuke karatu a Kudu, maƙwabta nawa ne suka san sunan yaranku?