Ku Dubi Bayan Ganye

'Yan'uwana mata, kullum muna tsinkar zogale da rama, amma wace ce ta taɓa tsayawa ta dubi ganye ɗaya da kyau?

Wani malami Bajamushe, Karl Blossfeldt, ya ƙera kyamara mai ƙara girman abu har sau 30. Ya riƙa ɗaukar hoton ganye da toho kurkusa don koya wa almajiransa zane, aka buga hotunan cikin littafi a 1928. In kin gan su sai ki rantse aikin maƙera ne.

Ni kam ran da na ɗaga ganyen gwanda wajen rana, jijiyoyinsa suka fito rassa-rassa, na ji takaicin kuɗin da na ɓatar wajen sayen zanen ɗinki. Yanzu daga nan nake kwaikwayon adon rigar matashi. 'Yan makaranta, ku gwada na kabewa.