Maganin kansa: Me ya sa zazzaɓi ke zama barazana ga masu karɓar kemo a Najeriya?

Duk lokacin da aka taɓo batun cutar kansa a Najeriya, kuɗin magani ne ke fara zuwa bakin jama'a. Da gaskiyarsu, domin yawancin magungunan kemo daga waje ake shigo da su, kuma tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo.

Ƙididdigar 2022 ta cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da mutum 120,000 ne suka kamu da cutar a ƙasar a shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara aiki da asusun tallafa wa marasa ƙarfi, inda asibitin koyarwa na ABU da ke Zariya da na tarayya da ke Gombe suka shiga sahun farko.

Sai dai akwai giɓin da ba a cika magana a kai ba, wato kwanakin da majinyaci ke yi a gida tsakanin wannan ƙarin ruwan da na gaba.

Kwana 7 zuwa 14

Kemo na kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Na kansa na ciki, amma har da na gashi da na cikin baki da na ɓargo, inda jiki ke samar da jini. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ke yin gyambo, jiki ke mutuwa.

Mafi haɗari shi ne raguwar fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙar cuta. Galibi sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin. A lokacin majinyaci ya riga ya koma garinsu, wani lokaci tafiyar sa'o'i da dama daga likitansa.

A ƙa'idar likitoci, idan zafin jikin mai karɓar kemo ya kai digiri 38, lamari ne na gaggawa. Ana son a auna jininsa, a fara yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda da isarsa asibiti.

A nan gizo ke saƙar. A wurinmu, kusan kowane zazzaɓi maleriya ne. Sai a aika yaro kemis ya sayo farasitamol da maganin cizon sauro. Farasitamol zai sauke zafin jikin, iyali su ɗauka an samu sauƙi, alhali cutar na ci gaba da yaɗuwa a cikin jini. Maleriyar ma na iya kasancewa, amma gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Abin da iyali za su iya

Ma'aunin zafin jiki ya kamata ya zama kayan gida kamar buta. Zazzaɓi, rawar ɗari, wahalar numfashi, zubar jinin da ya ƙi tsayawa, ko amai da gudawar da suka hana ruwa zama a ciki, duk dalilai ne na garzayawa asibiti ko da tsakar dare ne, tare da sanar da ma'aikata cewa ana karɓar kemo.

A ci abinci mai zafi da aka dafa a gida, a sha tafasasshen ruwa. A dakata da nonon da ba a dafa ba, da kwaɗo ko tsiren bakin hanya. A kwana cikin gidan sauro. Masu zuwa dubiya da mura ko tari su yi haƙuri su gaisa ta waya.

Maganin hana amai a sha shi yadda aka rubuta, kada a jira sai zuciya ta tashi. Kurkurar baki da ruwan gishiri mai ɗumi na taimakawa. Gashi kuwa yakan dawo bayan an gama.

Jiƙo da sauran magungunan gargajiya na iya wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda su ne ke tace kemon, don haka kada a ɓoye wa likita. Batun azumi da shayarwa da ɗaukar ciki ma a tattauna da shi tun kafin a fara.

Nauyin da ke kan asibitoci

Ba komai ne ke buƙatar biliyoyi ba. Kati mai ɗauke da sunan maganin da ranar da aka sa shi, lambar wayar da za a ɗauka dare da rana, da bayani cikin harshen da majinyaci ke ji, abubuwa ne da kowace cibiyar kansa za ta iya bayarwa.

Haka kuma ma'aikatan manyan asibitocin jihohi, inda majinyaci zai fara faɗawa idan jiki ya rikice, na buƙatar horo don su gane wannan zazzaɓin ba irin wanda suka saba gani ba ne.

Iyalai na sayar da gona da dabbobi don biyan kuɗin kemo. Bai kamata wannan sadaukarwar ta salwanta saboda zazzaɓin dare ɗaya da ba a gaya wa kowa haɗarinsa ba.