Kamun Kai Da Tsawon Kwana A Kurmi

Yaron da ya bar gida ya sauko Ikko ko Badun ko Anacha neman abinci, ya baro idon uwa da uba, da na malami, da na mai unguwa. A gida ko sigari ya kunna a lungu, kafin magariba labari ya kai gidansu. A Agege ko Mile 12 kuwa ba mai tambayarsa inda ya kwana, balle abin da ya haɗiya da safe. Abin da ya rage masa shi ne kamun kansa, kuma likitoci sun nuna wannan hali yana da hannu a cikin lafiyar mutum da yawan shekarunsa.

A garin Dunedin na ƙasar New Zealand, masana sun ɗauki jarirai 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, suka yi ta bin rayuwarsu. Daga shekara 3 zuwa 11 ana lura da kowane yaro: yana iya jiran layi, ko sai ya ture na gabansa, yana gama aikin da ya soma, ko ya watsar, yana iya haɗiye fushi, ko a'a. Da suka kai shekara 32 aka auna su, aka buga sakamakon a 2011. Cikin waɗanda suka fi kamun kai tun suna yara, kashi 11 cikin 100 ne ke fama da cututtuka barkatai. Cikin waɗanda suka fi rashinsa kuwa, kashi 27. Bambancin bai gushe ba ko da aka cire lissafin arzikin iyaye da kaifin ƙwaƙwalwa. A 2021 an sake ba da rahoto a kansu bayan sun kai 45, aka tarar jikin masu kamun kai ya fi jinkirin tsufa.

Ba wani asiri a cikin wannan. Yaran da ba su iya jira su ne suka fi soma shan taba da wuri, suka fi barin makaranta, daga nan hanya ta karkace. Watau halin ba shi ke kisa ba, abin da yake sa hannu ya kai baki shi ke kisa.

To, me hannu ke kaiwa baki a zangonnin kurmi? Ɗan dako da ɗan acaba da mai tura kurar ruwa sun san tramadol. Maganin ciwo ne na asibiti, wanda hukumar NAFDAC ta yarda da shi a kan miligiram 50 da 100, amma na bayan fage yakan kai 200 ko 225. Mai sha ya ce yana ba shi ƙarfin aikin mutum biyu. Gaskiyar maganar ita ce ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar take ɓoyewa, jiki na ƙonewa mai shi bai sani ba. Ta kan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in ta yi yawa ta danne numfashi. Kodin ma sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, amma doka ba ta shiga ɗakin da samari goma ke kwana a kan tabarma ɗaya.

Akwai kuma rashin kamun kai na dattawa, wanda ba a cika zarginsa ba. Likita ya ce da alhaji yana da hawan jini, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya sha magani kullum. Ya sha na mako uku, ciwon kai ya lafa, ya ajiye kwalin a kan taga. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a ji an ce ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya, a shiga karo-karon kuɗin motar kai shi gida.

Wani zai ce ajali na hannun Allah. Haka ne, ba musu. Amma mai faɗin haka yakan duba hagu da dama kafin ya tsallaka titin Ikorodu. Kuma ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin kome: zazzaɓin sauro da ruwan kwata da tsadar asibiti ba rashin haƙurinsa ya kawo su ba, wannan bashi ne a wuyan hukuma.

Wanda ya riga ya faɗa kada ya ce bakin alƙalami ya bushe. A Ingila, Richard Doll da abokan aikinsa sun bi likitoci maza fiye da 34,000 tun daga 1951 har shekara 50. Sun tarar mashayin sigari yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya daina yana da shekara 30 ya tsira da kusan dukkansu, mai 40 da 9, mai 50 da 6, har mai 60 ma da 3. A Dunedin ɗin ma, yaran da kamun kansu ya ƙaru da girma sun fi dacewa. Mutumin da ke iya barin sigari da ruwa daga asuba zuwa faɗuwar rana har wata guda, ba za a ce bai san hanyar ba.

Saura aikin manya. Sarakunan Hausawa na zangonni, da limamai, da shugabannin 'yan dako da 'yan acaba, su ne iyayen yaran nan a baƙon wuri. Ya kamata kowane mai masauki ya san abin da ake sayarwa a bakin ƙofarsa. Na'urar awon jini kuma ba ta fi ƙarfin asusun ƙungiya ba, a saya, a nemi ma'aikacin jinya ya riƙa zama da ita a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a.