Maganar Hannu Ba Ɗaya Ba Ce A Duniya

A shekara ta 2023 ƙasar Afirka ta Kudu ta shigar da maganar hannu ta kuramenta cikin harsunan hukuma, ta zama harshe na goma sha biyu. Kafin wannan, a 2022, Majalisar Ingila ta yi dokar amincewa da ta mutanenta. Mai karatu zai lura kowace ƙasa tata ta ɗaukaka, domin kuwa maganar hannu ba ɗaya ba ce. Mutane da yawa, har da masu ilmi, suna zaton in kurman Kano ya gamu da na Landan sai hira kawai. Ba haka abin yake ba. An ƙiyasta irin waɗannan harsuna sun fi 300 a duniya.

Mu dubi Ingila da Amurka. Masu ji a ƙasashen nan biyu Ingilishi suke yi, amma kuramensu ba su gane maganar juna. Ko haruffa ma, na Ingila da hannu biyu suke nuna su, na Amurka kuwa da hannu ɗaya. Dalilin yana cikin tarihin makarantu. A 1815 wani Ba'amurke, Thomas Gallaudet, ya tafi Ingila neman hanyar koyar da kurame, masu makarantun can suka gindaya masa sharuɗɗa masu wuya. Sai ya wuce Faransa, ya komo gida tare da wani malami kurma mai suna Laurent Clerc, suka buɗe makaranta a garin Hartford a 1817. Alamun da Clerc ya zo da su suka gauraya da waɗanda yara suka kawo daga garuruwansu. Saboda haka maganar hannu ta Amurka ta fi kusa da ta Faransa.

Watau maganar hannu ba fassarar maganar baki ba ce. Tana da kalmominta da nahawunta, kuma tana tsira ne a inda kurame suka taru, tana bin sawun malaman da suka ɗauke ta daga wata ƙasa zuwa wata.

Haka ya faru a nan Afirka ta Yamma. Andrew Foster, baƙar fata ne na Amurka kuma kurma, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960, daga baya ya kai har ƙasashen da Faransa ta mulka. Don haka, ko da yake Ingila ce ta mulki Nijeriya da Gana, maganar hannu ta makarantunsu daga ta Amurka ta samo tushe.

To, amma tun kafin makaranta ta zo kuramen ƙasar Hausa suna da tasu, wadda iyaye da kakanni suka sani da sunan maganar bebaye. A Kano har sarauta gare su, ta Sarkin Bebaye, kuma masu ji da yawa a kasuwa sun iya ciniki da ita. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su, ta buga littafi a kanta a shekara ta 2000, ta nuna cikakken harshe ne. Da aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a 1977, sai alamun Amurka suka shigo birnin, yau ga iri biyu a gari ɗaya.

Nan ne maganar ta shafe mu. Yaro yakan je makaranta ya koyi wani iri, ya komo gida uwarsa ba ta gane shi, shi kuma ya fara raina na gida. A ɗakin shari'a ko asibiti akan kira tafinta wanda ya iya na makaranta kaɗai, alhali mai ƙara ko majinyaci bai taɓa shiga aji ba. Sai a rubuta abin da bai faɗa ba, mutum ya rasa gonarsa, ko a ba shi maganin ciwon da ba shi da shi.

Shawararmu biyu ce. Akawu, kafin ya ɗauki alƙalami, ya bincika wace iri mutumin yake yi, a nemo wanda ya saba hira da shi. Malami kuwa ya koyar da ta makaranta, don ita ce za ta kai yaro gaba da karatu, amma kada ya hana shi ta gida, gama kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In hali ya yi, a riƙa gayyatar dattawan kurame su shiga aji, yara su koya daga hannunsu. Allah ya sa mu tsare haƙƙin da aka ɗora mana, amin.