Tseren Paris-Dakar: Turai na sayar da tarihin Tenere a kwali, mu me muka ajiye?

Duk watan Janairu, tashoshin talabijin na duniya kan cika da hotunan motoci da babura suna keta rairayi a gasar da har yau ake kira Dakar. Sai dai rairayin na Saudiyya ne, domin tun 2020 can ake yin gasar. Rabon da ta taka ƙasar Nijar tun Janairun 2000, lokacin da aka loda motocin cikin jiragen sama a Yamai aka tsallake da su zuwa Libiya. Yaron da aka haifa a Agadas a waccan shekara yau magidanci ne, kuma bai taɓa ganin ƙurar tseren da idonsa ba.

A Turai kuwa labarin yana nan da ransa. Motocin da suka ratsa Tenere a shekarun 1980 an mayar da su ƙananan kayan wasa masu aiki da lantarki, ana sayar da su cikin kwali, dattawa suna tara su, ƙungiyoyi suna gasa da su a ƙarshen mako. Kowace mota na tafe da sunan direbanta da shekarar da ta yi nasara. Abin da kwalin ba ya faɗa shi ne sunan wanda ya nuna wa direban hanya, da bakaniken da ya kwana ƙarƙashin motar a Agadas, da ƙauyen da aka bar wa gawa. Wannan ɓangare namu ne, kuma waɗanda suka san shi suna ta tsufa.

Mota a tafin hannu

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Ana harhaɗa titin roba a kan tebur ko a ƙasa. Kowane layi yana da tsaga a tsakiya, da siraran ƙarafa biyu a gefenta masu ɗauke da wutar lantarki marar ƙarfi. A ƙarƙashin motar akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar, da wasu lallausan wayoyi biyu da ke shafar ƙarafan suna kai wuta ga injin. Mai wasa ba ya juya sitiyari. Abin da ke hannunsa maƙunni ne: in ya matsa motar ta ƙara gudu, in ya sassauta ta rage. Duk gwanintar tana wajen kwana, domin wanda ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, motarsa za ta fice daga tsaga ta wuntsila.

Wani Bature ɗan Ingila, Fred Francis, shi ya fito da samfurin Scalextric a 1957. Faransa ta samu nata, Circuit 24, a farkon shekarun 1960, da sunan da aka aro daga tseren awa 24 na garin Le Mans. Jamus ta bi da Carrera a 1963. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1 bisa 32, wato motar da ta kai mita huɗu sai ta koma kimanin santimita 13. Da farko motocin tseren kwalta ake kwaikwayo. Daga baya kamfanonin Sifen irin su Ninco suka ƙera na hamada, kamar Mitsubishi Pajero, har da titi mai gargada da tudu da kwari don ya yi kama da hanyar daji. Kamfanin Tamiya na Japan ma, tun 1986, ya fitar da ƙaramar Porsche 959 ta Paris-Dakar wadda ake sarrafawa daga nesa.

Masu tara waɗannan motoci ba yara ba ne. Mutane ne masu bin diddigi: wane launi motar ta sa a wace shekara, wane kamfani ya yi talla a jikinta, wa ya zauna kusa da direba. Ta haka wasa ya zama hanyar adana tarihi, kuma tarihin da suke adanawa rabinsa a ƙasarmu aka yi shi.

Yadda tseren ya shigo Nijar

A 1977 wani matashi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata da babur ɗinsa a cikin Sahara yayin tseren Abidjan zuwa Nice. Da aka ceto shi, sai ya ƙudurta shirya nasa tseren. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, aka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979 da 74 kacal. Tun a wannan karo na farko ayarin ya shigo ta Asamaka, ya bi Arlit da Agadas da Yamai kafin ya nufi Gao.

Shekarar 1983 ce ta ɗaga sunan Tenere a duniya. A karon farko da tseren ya ratsa ta, guguwar rairayi ta tashi, kimanin 'yan tsere 40 suka ɓata, Sabine ya yi kwanaki yana nemo su da jirgi mai saukar ungulu. Jacky Ickx ɗan Beljiyam ne ya ci ɓangaren motoci a shekarar da Mercedes. Daga nan manyan kamfanoni suka fahimci cewa nasara a hamada talla ce da ba a saya da kuɗi. René Metge ya ci da Porsche a 1984 da 1986, Mitsubishi Pajero ta ci a 1985, sannan Peugeot ta riƙe kambun daga 1987 zuwa 1990, sau uku a hannun Ari Vatanen ɗan Finlan. Waɗannan su ne ainihin motocin da ake sayar da ƙananan kwafinsu yau.

Sabine kansa bai ga ƙarshen wannan zamani ba. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine wanda ya zo aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar gawar Sabine a gindin wata bishiya a Tenere, wadda har yanzu taswirori ke kira da sunansa.

Wa ya ci, wa ya sha bugu

Ba za a yi adalci ba in aka ce Nijar ba ta samu komai ba. Sau da dama a Agadas ayarin ke yin ranar hutu. Masu otal da masu gidajen haya, masu gareji, masu sayar da mai, maƙeran azurfa da dukawa, duk sukan yi cinikin da ba su saba gani ba. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne hotunan Ayar da Tenere da suka shiga gidajen Turai kowace yamma, suka jawo 'yan yawon buɗe ido a lokacin sanyi. Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin Temet Voyages a Agadas, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Sabine wajen zaɓen hanyoyi, kuma shi ma ya shiga tseren. A kewayensa aka samu zuriya guda ta direbobi da 'yan jagora da masu dafa abinci da suka rayu da wannan sana'a.

Amma akwai ɗaya gefen. Motoci masu gudun fitar hankali sun riƙa ratsa ƙauyukan da ba a tambayi ra'ayinsu ba, kuma a ƙasashen da tseren ya bi an kaɗe mutane, har da yara. A 1988, shekarar da aka yi asarar rayuka da yawa, jaridar fadar Paparoma ta yi tir da gasar, tana ganin ta a matsayin baje kolin dukiya a gaban masu fama da yunwa da ƙishirwa. Ba a daɗe da fita daga farin 1984 ba a lokacin. Jaridun Turai sun adana sunan kowane ɗan tsere da ya mutu. Mutanen ƙauye kuwa sau da yawa a layi guda ake ambaton su, wani lokaci ba suna. Kuɗin talla da na haƙƙin nuna hotuna a Paris aka ƙirga su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda aka tafi

Matsalar tsaro ce ta kori tseren, sannu a hankali. Tawayen arewa na farkon shekarun 1990 ya tsayar da yawon buɗe ido. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, amma a Disambar wannan shekara Mano Dayak ya mutu a haɗarin jirgin sama a Ayar. Sunansa ne filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi yau. A 1997 an yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar, abin da ya sa mutane suka yi zaton zamanin ya dawo. A 2000 kuwa, bayan gargaɗin cewa ana shirin kai wa ayarin hari a arewacin Nijar, masu shirya gasar suka soke zangunan ƙasar, suka kwashe komai da manyan jiragen Antonov daga Yamai zuwa Sabha.

A Janairun 2008 an soke gasar baki ɗaya kwana guda kafin a tashi daga Lisbon, bayan kashe Faransawa huɗu a kusa da Aleg ta Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka koma Kudancin Amurka, sannan Saudiyya. Tseren Africa Eco Race da ya maye gurbinta a nahiyar yana bin Maroko da Muritaniya da Senegal, ba ya zuwa nan.

A Agadas, tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka ƙarasa abin da ya rage na yawon buɗe ido. Direbobin da suka san kowace rijiya tsakanin Agadas da Dirku ba su manta hanya ba. Wasu suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta, kafin hukumomin yanzu su soke ta a Nuwambar 2023. Wasu suka nufi zinariyar Jado da aka gano a 2014. Gwanintar da duniya ta yi wa tafi jiya, ita ce ta kai wasu kaso daga baya.

Sunan yana kasuwa

Tseren ya bar mu, amma sunayenmu ba su bar kasuwa ba. Yamaha ta fitar da babur mai suna Ténéré a 1983, kuma har yau tana sayar da sabon samfurinsa a duniya. Porsche ta ƙera 911 Dakar guda 2,500 don tunawa da nasarar 1984. Tun 2021 masu shirya gasar suka buɗe rukunin Dakar Classic, inda tsofaffin motocin zamanin Afirka ke sake fitowa, a rairayin Saudiyya. Ƙananan motocin tsaga ƙarshen wannan sarƙa ne. Duk wannan yana nuna abu guda: akwai masu biyan kuɗi don labarin, kuma wasu ne ke ba da shi a madadinmu.

Lokacin ma ya dace a yi wannan magana. A Oktoban 2024 hukumomi sun sauya sunayen wasu wurare a Yamai: titin Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary, cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane. Manufar ita ce ƙasa ta riƙe tarihinta da hannunta. Akwai masu ganin Paris-Dakar wasan Turawa ne da bai cancanci a tuna ba. Sai dai share shi daga tunani ba zai rage wa Yamaha ko Porsche ko dala ba. Wanda zai yi asara shi ne ɗan jagorar Iferwan da bakaniken Agadas, waɗanda za su ɓace daga labarin har abada.

Abin da za a iya yi

Kiran a dawo da tseren ba shi da amfani yanzu. Yanayin tsaro bai ba da dama ba, dangantaka da Faransa ta yi tsami, kuma yankin Ayar da Tenere, wanda Unesco ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, tun 1992 yake jerin wuraren da ke cikin haɗari. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi da araha.

Na farko, a ɗauki muryoyin mutanen da suka yi aikin. Wanda yake da shekara 25 a 1983 yau ya doshi 70. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aikinta ke nan na tattara tarihin baka, akwai kuma IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Ɗalibai kaɗan da na'urar ɗaukar magana sun isa su zagaya Agadas da Arlit da Bilma, su ji daga bakin direbobi da masu gareji, da kuma iyalan da tseren ya yi wa ɓarna, cikin Tamashek da Hausa da Tubanci da Barbarci.

Na biyu, gidan tarihi na Boubou Hama yana da abin da babu wani gidan tarihi a duniya da yake da shi: kututturen ainihin bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kaɗe a 1973 aka kawo ta Yamai. Madugan ayarin gishirin Bilma sun yi zamanai suna auna hanya da ita. A kusa da ita za a iya ba da tarihin ratsa Tenere gaba ɗaya, daga raƙumi zuwa kamyo zuwa motar tsere zuwa Hilux, da hotunan da ke ajiye a jaridar Le Sahel da gidan talabijin na ƙasa.

Na uku, ƙera ƙaramar mota ba baƙon abu ba ne a nan. Duk wanda ya tashi a Zinder ko Maraɗi ko Tawa ya san motar kara da motar waya da ta gwangwani, masu tayar silifas da dogon sitiyari. Maƙeran Agadas da masu sana'ar hannu na Wadata da na cikin gidan tarihin suna da hannun da zai iya fitar da Peugeot 205 ko Pajero da ƙarfe da fata, a haɗa da takarda mai ɗauke da labarin wanda ya jagoranci motar a hamada. Masu tara irin waɗannan kaya a waje suna da kwafin roba iri-iri; wanda aka ƙera a garin da motar ta kwana ne ba su da shi. A makarantun koyon sana'a kuma, titin tsaga guda da batir da ƙaramin faifan sola sun isa a koya wa yaro yadda wuta ke juya inji.

Babu ɗaya cikin waɗannan da zai mayar wa Agadas kasuwar da ta rasa. Amma aikin farko, na ɗaukar muryoyi, ba ya jiran zaman lafiya ko kuɗin waje, kuma shi ne wanda ba zai jira mu ba. Kowace shekara ana rasa wasu daga cikin dattawan da suka ja motocin nan daga rairayi, kuma kowane ɗayansu yana tafiya da sunayen rijiyoyi da na mutane da ba a rubuta a jikin kowane kwali ba.