Mesar gida da sanyin Turai

A Amurka da Turai mutane na kiwon mesa a ɗaki, musamman 'yar ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Ghana, Togo da Benin ake fitar da ita.

Da sanyi ya shigo sai ta ƙi abinci, mai ita ya rikice, ya yi ta cusa mata ɓera. Wannan gaggawa ce. Mesar da ta girma na iya yin watanni ba ta ci ba, lafiyarta ƙalau, in dai ba rama take yi ba. Ko a lokacin zafi, ɓera ɗaya duk bayan kwana 10 zuwa 14 ya ishe ta. Ƙanana ne ke ci mako-mako.

Ɗumi ne ya kamata ya dami mai ita. Jikin maciji ba ya samar da zafin kansa, don haka in akwatin da mesar ke ciki ya huce abincin ba ya narkewa, sai ta amayar da shi. Gefe ɗaya na son digiri 31 zuwa 32 na Salsiyos, ɗayan kusan 25, da na'urar daidaita zafi don kada fitilar da ke ɗumama akwatin ta ƙona ta.