Kafin ka saya wa ɗanka allurar buga ƙwallo

Wata ranar Alhamis a tsakiyar bazara, wani dattijo ya tsaya a tagar ɗakin magani inda nake aiki, yana riƙe da hannun yaro wanda bai wuce shekara 14 ba. Daga Maruta suka taso tun da sassafe. Yaron yana ɗingishi, idon sawunsa na dama ya kumbura har fatar tana sheƙi. Likita ya riga ya duba shi, ya rubuta farasitamol da bandeji, ya ce kada ya taɓa ƙwallo sai bayan mako uku. Amma dattijon bai miƙo takardar ba. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, allura nake so, wadda za ta kashe ciwon nan zuwa Asabar. Akwai gwajin 'yan wasa a Kano, na riga na biya kuɗin." Na ce, "Baba, da me ka biya?" Ya ce da buhu biyu na riɗi.

Ban ba shi allurar ba, kuma ban raina hankalinsa ba. Kai ma mai karatu, kada ka yi saurin ganin wautarsa. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Ahmed Musa daga Kano Pillars ya tafi Turai a 2010, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. Yaron da ke zaune a gidan kallo a Gwaram ko Birnin Kudu ya san wannan tarihi fiye da yadda ya san darasin makaranta, ubansa kuma ya ji labarin gidajen da ƙwallo ta gina. Manomin da damina ɗaya ke iya karya shi, idan ya ga ƙafar ɗansa ta iya tamaula, ba abin mamaki ba ne ya ɗora begensa a kanta. Sai dai ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Ƙungiyoyi 20 ne kacal a babbar gasar ƙasar nan, alhali kusan kowace unguwa tana da kulob ɗin yara.

Idan ana maganar gata a ƙwallon yara, hankali yakan tafi ga abin da ido ke gani: takalmi mai tsada, fili mai ciyawa, makarantar horar da 'yan wasa a Abuja ko Kano da ake biyan kuɗinta kamar na makarantar kuɗi, da uban da ya san wanda zai buga wa waya. Duk gata ne, ban musa ba. Amma daga tagar da nake zaune, gatan da ya fi bambanta yaran nan shi ne damar hutawa. Ɗan mai hali idan ya yi targaɗe, a ɗauki hoton ƙashi, ya zauna a gida har ya warke, gurbinsa na jiransa domin an biya, idan ma ƙwallon ta ƙi, karatunsa na nan. Ɗan talaka ya san cewa ranar da ya ce ƙafarsa na ciwo, akwai yara goma a bakin fili masu jiran rigarsa. Ya san da abin da aka biya kuɗin motarsa. Saboda haka sai ya koyi ɓoye ciwo, mu manya kuma mu kira hakan jarumta.

Bari in faɗa maka abin da maganin kashe ciwo yake yi, tunda wannan fannina ne. Ba ya ɗinke jijiyar da ta yage, ba ya haɗa ƙashin da ya tsage. Yana toshe saƙon da jiki ke aikawa ne kawai, wato ya hana yaro jin gargaɗin da zai sa ya daina taka ƙafar. Ƙashin yaro kuwa ba irin na babba ba ne. Kusa da gaɓoɓi akwai wani guringuntsi wanda daga gare shi ƙashi ke ƙara tsawo, kuma a wajen maza ba ya gama ƙwari sai kusan shekara 16 zuwa 18. Abin da zai zama targaɗe ga babba yana iya zama karaya a wannan wuri ga yaro. Idan aka ci gaba da gudu a kansa, ko aka kai wa mai ɗori ya murɗa ba tare da hoto ba, ƙafar tana iya tasowa a karkace ko ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Wasan minti 90 bai kai a biya shi da ɗingishin shekara 50 ba.

Su kansu magungunan suna da nasu ta'adin. Dikulofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma suna iya ci wa ciki rauni har ya yi gyambo. Yaron da ya haɗiye su da yunwa, ya shiga fili a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya yi ta zuba gumi ba ruwan sha, ya haɗa wa ƙodarsa wahala biyu a lokaci guda. Asfirin ba a ba wa wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita. Deksametason da wasu ke sha domin su yi jiki, kumburi yake sawa da ƙiba marar amfani, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana kuma iya tauye girma. Tiramadol kuwa, wanda wasu samari ke kira maganin gajiya, ɗan gidan su kodin ne: yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi. Tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa. Wanda ya koya wa yaro shansa domin ya yi fice a ƙwallo, ya koya masa abin da zai sa a dakatar da shi ranar da ya yi ficen.

Akwai kuma ciwon da ba ya kumbura. A ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsakiyar karawa da Angola, bai tashi ba, kuma matsalar zuciya ce. Ɗan wasan ƙasa ke nan, mai likitoci a gefen fili. Idan ɗanka ya taɓa suma yana gudu, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko a danginku an taɓa rasa matashi kwatsam ba jinya, ka kai shi asibiti a duba zuciyarsa kafin ya sake shiga fili. Ka yi masa gwajin sikila, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana da rukunin AS. Mai AS yana wasansa lafiya, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi masa haɗari, don haka ya kamata kocinsa ya sani. Yaron da aka buge a kai har ya ga jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse ya warware.

Na san abin da za ka ce: dama sau ɗaya take zuwa, kuma mai albashi ba zai gane zafin buhun riɗi ba. Gaskiya ne asarar ba a kaina take ba. Amma ka duba ita damar da kyau. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai fitar da ɗanka mai shekara 15 zuwa Turai, ka tambaye shi ta wace hanya. Wanda ya ce a rage wa yaro shekaru a takarda, ka tuna tun 2009 FIFA take ɗaukar hoton wuyan hannu domin tantance 'yan ƙasa da 17, ka kuma tuna cewa ƙato mai shekara 20 da aka cusa cikin yara, ɗan wani zai karya. Sannan mai neman 'yan wasa na gaskiya ba ya ɗaukar mai ɗingishi. Yaron da ya huta mako uku ya rasa gwaji ɗaya. Wanda ya buga da allura yana iya rasa duk waɗanda za su biyo baya.

Kai kuma da Allah ya hore wa, kada ka ɗauka maganar ta wuce ka. Na sha ganin iyaye masu hali suna neman garin ƙara tsoka da ƙwayoyin ƙarfi ga yaro ɗan firamare, suna kai shi horo kwana bakwai a mako, suna tsayawa a bakin fili suna daka masa tsawa saboda kuɗin da suka zuba. Yaron da ke tsoron ɓata wa ubansa rai yana ɓoye ciwo daidai da wanda ke tsoron rasa riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, kuma ƙwallo hanya ce mai kyau ta samun hakan. Amma yana bukatar kwana ɗaya ko biyu na hutu a mako, da barcin awa 8 zuwa 10 idan ya balaga, da ruwa kafin wasa da lokacin wasa da bayansa. Tuwo da wake da gyaɗa da ƙwai da nono sun ishe shi gina jiki. Waɗannan ba sai mai kuɗi ba.

Don haka ka je filin da kanka. Ka ga da wane lokaci ake horo, ko akwai ruwa, ko akwai wanda ke raba wa yara ƙwaya kafin wasa. Ka gaya wa koci a gaban ɗanka cewa ba wanda zai ba shi magani ko allura sai da saninka. Kada kuma ka yarda ƙwallo ta cinye makaranta, domin ita ce za ta rage masa ranar da gwiwa ta gaji.

A ranar nan, bayan na gama bayani, dattijon ya yi shiru, sannan ya juya ya dubi yaron ya ce, "Kai, yana yi maka ciwo sosai?" Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Kwana huɗu ke nan da jin raunin, an yi maganar mota, an yi maganar kuɗi, an yi maganar Kano, ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Suka karɓi farasitamol da bandeji suka tafi. Riɗin ba zai dawo ba, kuma na san da nauyin zuciya Baba ya hau mota.

Yau idan ɗanka ya dawo daga fili, kafin ka tambaye shi ko sun ci, ka tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo. Ka kuma nuna masa cewa idan ya ce akwai, ba zai rasa komai a wurinka ba.